Shekara biyu ina zaton ni ne daƙiƙi, ashe ba domina aka ƙera lojisiyel ɗin (manhajar kwamfuta) ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan labari amma duk sanda na ɗauko waya sai naji ƙirjina yayi nauyi sai na ajiye. Abinda yasa yau na daure, ranar Talata na shiga wani kantin magani anan Garwa ta arewacin Kamaru zan sayo ma Inna maganin hawan jini, sai na tarar da layi har bakin ƙofa, wata yarinya ce a kes, wato wajen karɓar kuɗi, da bata wuce shekara ashirin ba, tana ta fama da kwamfuta, ta danna nan ta danna can, gumi na zuba a fuskarta, wani mutum a gabana yana ta ɗaga murya wai in bata iya aikin ba ta tashi ta ba wanda ya iya. Wallahi da na kalli hannunta yana rawa akan maus ɗin nan sai naga kaina a shekarar 2016.

Ni ɗan kasuwa ne gaba da baya. Mahaifina Allah ya jiƙansa shekara talatin da wani abu yana sayar da goro da gishiri, kuma duk lissafinsa a wani littafi mai baƙin bango yake da ajami, wane ɗan wane ya karɓi kaza ranar kasuwar Pituwa, zai kawo bayan an sayar da auduga. A gefensa na koyi lissafi kafin ma a kaini lakwal, wato makarantar boko. Nayi karatu har na samu BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare, daga nan hali bai bari na ci gaba ba, sai kawuna ya kaini wajen wani Alhaji mai babban magaza na sari, shinkafa, sukari, mai, sabulu, taliya, tumatir na gwangwani. Kayan daga Duwala suke tasowa a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can manyan motoci su sauko dasu ta gangaren dutsen nan har Garwa. Masu sayenmu kuwa daga ko'ina, Gidar, Figil, Lagdo, mutanen Lere da Pala na Cadi, har da 'yan Najeriya masu shigowa ta Gashiga. A 2011 na fara, a 2013 aka bani makullin sito na zama magazinye. Shekara uku ina riƙe da kaye, wato littafin rubutu, da biro, ko buhu ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba, Allah shine shaida.

Toh a farkon 2016 babban ɗan Alhaji ya dawo daga karatu yace ai zamanin kaye ya wuce, dole a saka lojisiyel na jestiyon, wato na tafiyar da kasuwanci, wanda zai haɗa sito da kes da kontabilite (ɓangaren lissafin kuɗi) waje ɗaya, kuma ta intanet yake aiki yadda Alhaji ko yana Makka zai iya duba cinikin ranar a wayarsa. Ni kaina naji daɗi dan ina son ci gaba. Wasu mutum biyu suka zo daga Duwala da kwat da jaka, aka shiga falon Alhaji da ɗansa da kontabul, wato akanta, aka haska musu a bango, ga zane mai launi-launi na riba, ga jerin masu bashi, ga inda za'a ga wane ma'aikaci ne ya taɓa wane lissafi da ƙarfe nawa. Ni na shiga falon sau ɗaya ne kawai, na kai musu lemo. Ba wanda ya tambayeni yaya kake karɓar kaya in mota ta iso da ƙarfe tara na dare, ko mutum nawa ke tsayuwa a kanka ranar Asabar da safe. Mu uku da za mu wuni akan abin, ni da mai kes da yaron da ke rubuta faktir, wato takardar ciniki, ba'a ko nuna mana shi ba sai da aka gama biyan kuɗi.

Formasiyon, wato horo, na kwana biyu akayi mana. Mutumin yana magana da faransancin 'yan kontabilite, yana kiran lambobin asusu, 411 na kiliya wato masu saye, 401 na masu kawo kaya, 571 na kes, 701 na ciniki, tsarin lissafin kasuwanci na OHADA kenan da ƙasashenmu 17 na Afirka ke bi, kuma ba laifi bane, amma ni abinda nake son sani shine ina zan danna in Malam wane yazo ɗaukar buhu goma. Allon farko kaɗai na ƙirga maɓalli sun fi arba'in, wasu ma hoto ne ƙanana ba rubutu. In ka tambaya sai yace ai abu ne mai sauƙi, ya karɓi maus ya yi fat fat fat ya gama, ya miƙo maka. Ran na uku suka hau mota suka koma.

Bari in baku labarin mutum na farko da na yi ma ciniki da shi dan ku gane. Wani dattijo ne daga wajen Lere, tun zamanin mahaifin Alhaji yake saye, kowa a magaza sunansa ɗaya ya sani da laƙabin garinsu. Kafin lojisiyel ya yarda in fitar masa da kaya sai na buɗe masa fish, wato shafin bayanansa. Nom, prenom, na cike da abinda na iya. Ranar haihuwa, nace Baba yaushe aka haifeka, yayi dariya ya zaro kati, a jiki an rubuta né vers 1958, wato an haifeshi wajajen 1958, kamar yadda yake a takardun yawancin iyayenmu, shi kuwa akwatin rana yake so da wata da shekara. Na saka 01/01. Adireshi, lambar gida da sunan titi da akwatin gidan waya. Imel, da jan tauraro a gefensa wai dole ne. Sai lambar waya, nan ne aka tsaya cak, dan tun ƙarshen 2014 lambobin Kamaru suka koma guda 9, shi kuma akwatin baya karɓar komai sai 9 cif, lambar Cadi kuwa 8 ce, ta Najeriya 11 in ka haɗa da sifilin farko. Minti ashirin da biyar dattijon nan yana tsaye, direban da zai kai masa kaya yana ta hon a waje, daga ƙarshe yace ɗana ko dai in je wani waje ne. Lambar wayata na saka masa. Kafin shekara ta zagayo mutum sama da ɗari a cikin kwamfutar nan lambata ce dasu kuma duk ranar 1 ga Janairu aka haifesu.

Ga kuma maganar kuɗi. Mu a kasuwa ba da faran sefa, kuɗin ƙasarmu, muke magana ba. Dala muke ƙirgawa, dala ɗaya sefa 5, dala ashirin sefa 100, jaka sefa 1000, Fulani suce boro. Ɗan Cadi kuma riyal zai ce maka, in yace miya sefa 500 yake nufi, in yace alif to 5000 kenan. Da kaye wannan duk a kai nake juyawa hannu na rubutu baki na gaisawa. Amma yanzu ga juyi a kai, ga neman inda akwatin yake, ga kibod ɗin da aka sayo daga Mubi na turanci ne alhali an saita kwamfutar da faransanci, ka danna A sai Q ya fito, ka danna lamba a layin sama sai wasu alamomi su fito. Kuma mu mun saba rubuta 17.500 da ɗigo, shi kuwa lojisiyel sai ya ɗauka sefa 17 da rabi kake nufi. Bai taɓa cewa kai anya buhun shinkafa mai kilo 50 zai zama sefa 17 ba. Shiru zai karɓa ya buga faktir. In kana son gyarawa kuma baka da izini, sai ɗan Alhaji yazo da nasa modepas, wato kalmar sirri, shi kuma yana can banki ko yana barci.

Abinda yafi cin raina shine duk abinda ke sa kasuwa ta zama kasuwa babu gurbinsa aciki. Mutum ya biya rabi yau yace sauran ran Lahadi. Mutum ya sayi rabin katon. Alhaji ya leƙo yace a rage ma wannan dala ɗari ai surukin wane ne. A ƙara ma wancan sabulu biyu gyara. Wani ya aiko yaronsa ya ɗauka shi zai zo ya biya, wani ya dawo da bidon, wato jarka, biyu ya canza da sukari. Kowanne daga cikin waɗannan sai ka bi ta allo huɗu ko biyar, wasu ma sam ba hanya sai dai ka yi ma kwamfutar ƙarya dan ta barka ka wuce. Ni da aka rena akan cewa ba'a rubuta abinda ba haka yake ba, na koma kullum sai na shirga ƙarya goma kafin azahar dan kawai in sallami mutane.

Sai wuta da rezo, wato netwok. Duk mutumin arewa ya san daga Maris zuwa Mayu yadda ake, zafi ya haura 40, ruwan dam ɗin Lagdo ya ja baya, a shiga rabon wuta unguwa unguwa. Ondila ɗinmu, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, minti biyar yake riƙewa kafin a tada gurup, wato janareto. Kana tsakiyar shigar da kayan mota guda, layi talatin, ka danna valider, maɓallin tabbatarwa, sai wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar allo, ya juya ya juya, minti biyu minti uku, sannan ya rubuto maka Une erreur est survenue, wato an samu kuskure, wani lokaci da wata lamba 500 ko 504. Shikenan. Bai ce ya shiga ba bai ce bai shiga ba. Ka kira Duwala ace maka ka sake gwadawa. Sai in sake shigarwa daga farko. Haka kuma in ka tashi kaje ƙirga buhu a bayan mota ka dawo bayan minti goma sai ka tarar ya fitar da kai, duk abinda ka rubuta ya tafi.

A wannan lokaci ban taɓa kawo ma raina cewa laifin abin bane. Ni dai nasan ban yi karatu mai zurfi ba, waɗanda suka ƙera shi injiniyoyi ne, an biya miliyoyi, to in akwai matsala ai daga wajena take. Ɗan Alhaji in ya ganni ina fama sai yace kai har yanzu baka iya ba, yaro ɗan firamare ma zai iya. Na daina barci sosai. Nakan zauna bayan an rufe magaza har goma na dare ina maimaita abinda nayi da rana. Maiɗakina tana cewa Malam wai me ke damunka ka rame haka, in ce ba komai aiki ne. Abu ɗaya da nayi wanda Allah ya sa ya zama sanadin tsirata, ban yar da kaye ba. An hana mu, ance wanda aka gani da kaye baya son ci gaba ne, amma na sayi ƙarami ina sakawa a aljihun riga, duk motar da ta shigo sai na rubuta lambarta da rana da abinda aka sauke da sunan direba.

Ƙarshen Disamba 2017 akayi invante. Kwana biyu muna ƙirga. Da aka gwada da abinda ke cikin kwamfuta sai aka ce akwai giɓi, shinkafa buhu 60, mai bidon 45 na lita 20, da katon katon na sabulu, jimla wajen miliyan 2 da dubu 300. Albashina a lokacin dubu 60 ne a wata, kunga ko ban ci ban sha ba sai na shekara uku da ɗoriya ina biya. Aka kirani falon nan dai da na taɓa kai lemo. Nace ranka ya daɗe Alhaji wallahi tallahi ban ɗauki ko ƙwayar shinkafa ba, ga kayena a duba. Ɗansa yace Baba kaye ai da hannunsa ya rubuta, abinda yaga dama zai saka, ita kuwa na'ura bata ƙarya. Kontabul yayi shiru yana kallon ƙasa. Alhaji ya daɗe bai ce komai ba sannan yace yaro, saboda kawunka bazan kai ka jandarmeri ba, ka ajiye makulli kaje gida ka yi tunani.

Bana son in tsawaita akan watanni ukun da suka biyo baya. Labari ya zaga unguwa kafin in isa gida. A majalisar da nake zama wani da muka taso tare yace a gabana rana dubu ta ɓarawo rana ɗaya ta mai kaya. Na sayar da mashin ɗina da filin da na fara tara bulo akai a Jambutu na kai dubu 900 a matsayin somin biya, dan kawu yace in ban kai komai ba kamar na raina su ne. Inna kullum da asuba sai naji tana kuka a sujada. Tace dani ɗan nan in ka ci ka faɗa min ni uwarka ce, in baka ci ba kuma ka bar ma Allah. Wannan tambayar tata tafi min komai ciwo, kuma ban ga laifinta ba, tunda kowa yace na'ura ce ta faɗa.

Sanadin fitata wata yarinya ce 'yar Marwa da take karatun kwamfuta a IUT, kwalejin fasaha ta jami'ar Ngaundere, tazo yin staj, wato koyon aiki, a magazan. Wanda aka ba makulli bayana shima cikin wata biyu giɓi ya fara fito masa, to sai jikin Alhaji yayi sanyi, yace ta duba. Ita ce ta nemi a kirani. Tace Yaya dan Allah ka zauna kayi aikin yadda ka saba, ni bazan ce komai ba kallo kawai zanyi. Tunda aka kawo abin nan ba'a taɓa samun wanda ya zauna a gefena ya kalli yadda nake aiki ba sai ita. Kwana uku tana zaune akan buhun sukari da littafinta. Rana ta biyu da la'asar wuta ta ɗauke muna tsakiyar shigar da mai, zoben nan ya juya, saƙon nan ya fito, na fara sake shigarwa kamar kullum sai tace tsaya Yaya. Ta shiga wani waje can ciki wanda ni ban ma da izinin buɗewa, sai ga shi na farkon ya shiga. Saƙona ya isa can inda ake ajiya, amsar ce bata dawo ba saboda rezo ya yanke, shi kuma allon maimakon yace ban sani ba ka duba tukuna sai yace kuskure. Duk sanda na sake, mota ɗaya ta zama biyu.

Muka ɗauko ƙananan kayena guda bakwai muka bi rana rana. Sau 11 aka samu an shigar da kaya biyu, lamba ɗaya, adadi ɗaya, tsakaninsu minti huɗu ko shida. Kayan da ake cewa na sace basu taɓa shigowa sito ba balle su fita. Sabulun kuma wata matsala ce daban, a wajen shigarwa da katon yake ƙirgawa a wajen fitarwa da ɗaiɗai, kuma an saita adadin cikin katon ba daidai ba tun ranar farko. Nace to ya akayi kontabul bai gani ba tunda kuɗin da aka biya masu kawo kaya na mota ɗaya ne. Tace ai ɓangaren sito da ɓangaren kontabilite kamar gida biyu ne masu katanga a tsakani, da alama ma mutane daban ne suka rubuta su, kowa yayi nasa ya tafi, ba wanda aka ɗora ma alhakin ya tabbatar suna magana da juna.

A ranakun nan ne ta warware min abinda ya shekara biyu yana cina. Tace Yaya ka lura, WhatsApp wa ya koya ma Inna? Nace ba kowa, jikarta ta nuna mata sau ɗaya yanzu har Injamena take tura murya wajen ƙanwarta. Tace to Orange Money da MoMo na tura kuɗi ta waya fa, masu sayar da ƙosai ma sun haddace lambobinsu #150# da *126#. Waɗannan in sukayi wuya mutum zai bari ne ya koma wani, shi yasa kamfanin ke kashe kuɗi dan su zama masu sauƙi. Amma lojisiyel na ma'aikata wanda ke saye daban wanda ke amfani daban. Mai saye patron ne, wato maigida, abinda yake so yaga rahoto kuma ya toshe ƙofar sata, to shi ake ƙawata ma allo. Kai magazinye ko ka so ko ka ƙi dole ka yi aiki dashi dan baka da inda zaka, to me zai sa su wahalar da kansu a kanka. Tace kuma yawancin allon da kake gani fasalin teburin ajiyar bayanai ne kawai aka juyo maka, akwati akwati yadda na'ura ke so, ba'a bi yadda ciniki ke gudana a bakin kanta ba. Maɓallan nan arba'in kuwa, kowane kamfani da ya saya sai yace a ƙara masa abu kaza, mai sayar da siminti ya ƙara, mai kantin magani ya ƙara, ba'a cire komai dan tsoron kar wani ya yi fushi, kai kuma a jibgo maka duka alhali biyar kake buƙata. Ga shi a ofis mai sanyi da intanet mai ƙarfi ake gwada shi, inda wuta bata ɗaukewa a tsakiyar valider.

Ta faɗa min wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Jakob Nielsen tun 1994 ya jera ƙa'idoji 10 na yadda ya kamata allo ya kasance, ta farkonsu ita ce na'ura ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki, akwai kuma wadda tace saƙon kuskure ya zama da maganar da mutum zai gane ya kuma nuna masa mafita. Kuma a shekarar 2000 ya rubuta cewa in ka zaunar da mutum 5 kacal ka kalli yadda suke amfani da abinka zaka gano kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolinsa. Mu uku ne a magaza. Da sun bamu yini ɗaya kafin su karɓi kuɗinsu da ban sayar da filina ba. Ban ce ni bani da nawa ba, da na san in duba kafin in sake shigarwa da ban sake ba, amma in ɓera da sata daddawa ma da wari, kuma wa ya nuna min inda ake dubawar tunda ƙofar ma a kulle take gareni.

Sai a 2024 na ci karo da labarin gidan waya na Birtaniya a intanet, na karanta shi sau uku ina hawaye. Wani lojisiyel ne mai suna Horizon da kamfanin Fujitsu ya ƙera, daga 1999 zuwa 2015 aka gurfanar da masu riƙe da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi saboda giɓin da yake nunawa, wasu aka ɗaure su, wasu suka rasa gidajensu, wasu suka mutu ba'a wanke su ba. Sai da mutum 555 suka haɗu suka kai ƙara, a 2019 kotu ta tabbatar akwai kurakurai a cikinsa, a 2024 majalisa tayi doka ta soke hukunce hukuncen. Ɗaya daga cikin kurakuran, wanda aka sa ma sunan wani gari Dalmellington a Sikotland, allo ne ke daskarewa in ana tabbatar da karɓar kuɗi, duk dannawar da mutum ya ƙara sai ya sake rubutawa a ɓoye, har ya haifar da giɓin fam dubu 24. Irin nawa sak. Can ma abinda aka riƙa faɗa musu kenan, na'ura bata kuskure kai kaɗai ne ke da wannan matsalar.

Alhaji mutumin kirki ne, wannan bazan ɓoye ba. Da kansa yazo gidanmu bayan isha'i da kawuna, ya zauna akan tabarma a gaban Inna yace Hajiya ku yafe min na zalunci yaronku. Ya mayar min da dubu 900 ɗina da albashin wata uku, kuma ranar Juma'a bayan an sauko ya faɗa a gaban mutane. Filin dai bai dawo ba dan wanda ya saya har ya fara gini, kuma har gobe akwai waɗanda labarin farko kawai suka ji basu ji na biyu ba. Mutanen Duwala da aka kira su cewa sukayi ai matsalar rezo ce ba tasu ba, in ana son gyara sai an sake biya. Yarinyar ce ta rubuta mana takarda shafi ɗaya da Hausa da Fulatanci ta manna a bango, in zobe ya juya kar ka sake, ka buɗe nan ka duba. Ta sa aka bani izinin ganin jerin abinda na shigar, aka cire dolen imel, aka sayo kibod na faransanci. Na ƙara shekara biyu a wajen sannan na nemi sallama cikin mutunci.

Yanzu ina da ɗan shagona a Yelwa da yara biyu. Bana gudun na'ura, a waya ma nake riƙe lissafina. Amma bara da wani saurayi yazo tallata min nasa lojisiyel ɗin ya fara buɗe min zanen riba, nace ajiye wannan, ga yarona nan, bashi wayar kar ka ce masa komai, ga mai saye nan tana son rabin katon taliya zata biya rabi yau, lambarta ta Cadi ce. Sannan nace ya kashe data a tsakiya mu gani. Yaron kirki ne, bai ji haushi ba, ya zaro biro ya rubuta abubuwa shida, bayan wata biyu ya dawo ya gyara huɗu. Nasa nake amfani dashi yanzu.

Ita kuwa yarinyar kantin magani, na jira har layi ya ƙare na matsa nace 'yata sannu da aiki, abin yana yawan yi miki haka? Sai idonta ya ciko tace Kawu wallahi wata uku kenan ana cire min giɓi a albashi kuma ni ban san inda kuɗin ke shiga ba. Na fita na sayo mata ƙaramin kaye na dala ashirin a shagon gefe, nace duk sanda ya tsaya ko ya rubuto miki kuskure ki rubuta rana da lokaci da abinda kike sayarwa da kuɗin, in da hali ki ɗauki hoton allon da wayarki, kar ki sake dannawa sai kin kira mai kantin ya gani da idonsa. Jiya da zan wuce masallaci na leƙa, kayen yana nan gefen kibod ɗinta, ta ɗago min shi daga nesa, har ta cika shafi biyu.